Ku Tambayi Anti: Na koma wa littafin ƙuruciyata, sai na tarar da wani labarin daban

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan watan saƙonni sun taru akan magana ɗaya, komawa littafin da mutum ya karanta yana yaro, musamman irin labaran binciken nan da ake binne wani sirri a cikin gida sai wata yarinya ko wani yaro yazo yana tonowa. Huɗu na ɗauka, na ɗan rage tsayin wasu amma ban canza maganar kowa ba.

TAMBAYA

Anti barka da aiki, dan Allah ki amsa min don abin ya tsaya min a rai. Ina aji uku a ƙaramar sakandare a makarantar kwana wata ƙawata ta dawo hutu da wani littafi ko bango babu, shafin farko ma ya yage shi yasa har yau bansan sunansa ba balle wanda ya rubuta, layi muke bi kowa dare ɗaya ake bata, ni ce ta ƙarshe sai akai hutu ya tafi a akwatina. Labarin wata yarinya ce kakarta ta rasu, ana fitar da kayanta sai ta tsinci hoto a ƙasan adaka an yanke gefensa da almakashi, babu abin da ya rage na wadda aka yanke sai hannunta da lalle ta dafa wata jaririya. Daga nan ta shiga bincike, tambayi wannan tambayi wancan kowa na zillewa, ƙarshe ashe Goggonsu mai ɗaure fuska ɗin nan da ke zaune a ɗakin ƙurya ita ce ta haife ta, wadda take kira Mama matar wan Goggon ce. Lokacin na tsani Goggon nan ba kaɗan ba. Watan jiya naje gida muna kwashe tarkace na ganshi, yanzu shekarata 33 da yara uku, wlh Anti tun shafukan farko nake kuka kuma ba yarinyar nake wa ba, Goggo nake wa. Sai yanzu na lura ko sau ɗaya bata kira sunan yarinyar ba a duk littafin, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Maigidana yace ɓata lokaci ne, wai labarin bincike in ka san ƙarshensa kamar tauna raken da aka riga aka tsotse ne. Gaskiyarsa ne? Kuma me yasa na juya ma yarinyar baya, har haushinta nake ji yanzu?
Daga wata 'yar uwa a Zariya

AMSA

'Yar uwa ki gaida maigida, amma a wannan maganar bana bayansa.

Karatun farko tambaya ɗaya ce ke jan ki, hannun waye a hoton nan? Gudu kike, ga tocila na neman mutuwa, duk abin da bai kai ki ga amsar ba tsallake shi kike ko da idonki ya bi ta kansa. Yanzu da kika san amsar idonki ya samu sararin kallon mutanen gidan, kuma a labarin sirrin gida ai nauyin ba a wuyan mai bincike yake ba, yana wuyan wanda ya haɗiye maganar shekara goma sha biyar yana kwana yana tashi da ita, yana kallon 'yarsa tana cewa wata Mama.

Maganar sunan nan da kika gano ita tafi taɓa ni. Wace Bahaushiya ce bata san alkunyar ɗan fari ba? Uwa bata faɗin sunansa, bata wasa dashi a gaban mutane, wani lokacin ma kaka ko goggo ce ke ɗauke shi bayan yaye ta riƙe. Kina da shekara 14 kin san wannan sarai, wataƙila a gidanku ma ana yi, amma da yake ta idon yarinyar kike kallo, ita kuma ta ɗauka ƙiyayya ce, sai kema kika ɗauka haka. Kinga marubucin bai ɓoye miki komai ba kenan, tun farkon labarin ya ajiye miki amsar a tsakar gida kika dinga wuce ta, kuma duk wanda ya iya wannan to ya iya rubutu, ko da littafinsa bai da bango. Na tabbata in kika ƙara dubawa zaki ga wasu, waye yake ajiye mata abinci in ta dawo makaranta a makare, waye baya barci ranar da take zazzaɓi amma da safe yace sauro ne ya hana shi.

Batun cewa sanin ƙarshe yana kashe labari, har masana sun gwada. A 2011 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt, sun raba wa ɗalibai gajerun labarai ciki har da na bincike, wasu aka faɗa musu ƙarshen kafin su fara wasu aka barsu a duhu, sai ya fito waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Wasu da suka gwada daga baya sun samu saɓanin haka, don haka ba zance magana ta ƙare a nan ba. Amma mu ai bama buƙatar zuwa Amurka, sau nawa kaka ta mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi guda ɗaya, in ta tsallake wani wuri mu muke tuna mata? Kuma ba wai ina haɗa Alƙur'ani da littafin hira ba, Allah ya tsare, amma ki duba Suratu Yusuf, 'yan uwa sun ɓoye wa mahaifinsu abin da suka aikata shekara da shekaru, babu Musulmin da bai san yadda ta ƙare ba, amma duk azumi in malam yazo inda Annabi Yusuf (AS) yake bayyana musu cewa shi ne Yusuf ga ɗan uwansa, sai kiga dattawa na share hawaye.

Haushin yarinyar kuma, ki sassauta mata. Ke yanzu uwa ce shi yasa kika koma layin Goggo, amma yarinyar tana da haƙƙin sanin wadda ta haife ta, kuma ba ita ta yanke hoton ba. Ki ajiye littafin nan da kyau, ki sa masa bango ko da na kwali ne, in babbar 'yarki ta kai irin shekarunki na lokacin ki bata ki ji wa zata tsana.

TAMBAYA

Anti ni nawa akasin na mutane ne. Akwai wani littafi mai kashi huɗu da na karanta ina saurayi, na haya ne, na ɗauka babu kamarsa a duniya, wani yaro ne yake neman wanda ya sace takardun gonar babansa. Na samo shi da ƙyar na sake karantawa sai naga shirme, wanda ya aikata abin ko sunansa ba'a ambata ba sai a na huɗu, kawai aka ce babansa yana da ɗan tagwaye a wani gari. Raina ya ɓaci sosai. Da na sani da ban koma ba.
Daga wani ɗan uwa a Maraɗi

AMSA

Ɗan uwa ba laifinka bane, kuma ba kowane littafi ne ke jure karatu na biyu ba, wannan gaskiya ce. Abin da ka gani yana da dalili. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 da littattafan da ake cewa Adabin Kasuwar Kano suka bunƙasa, yawancin marubutan da kuɗinsu suke bugawa, a fitar da na ɗaya, in ya shiga kasuwa kuɗin ya dawo a buga na biyu, to wani lokacin ana sayar da na ɗaya marubucin shi kansa bai yanke shawarar waye ɓarawon ba. Labarin soyayya zai iya tsira a haka, na bincike kam ba zai tsira ba don shi daga ƙarshe ake gina shi a dawo farko. Yanzu ma abin bai canza ba sai ma ƙaruwa, ana sakin labari feji feji a guruf na WhatsApp ko a manhajar karanta labarai ta Wattpad, masu karatu na canka, in sun canko daidai sai marubuciya ta juya akalar don kar ace an gano ta, ƙarshe sai an jawo wani daga sama a ɗora masa laifin.

Turawa ma sun sha wannan rigimar. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai rubuta irin waɗannan labaran, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma, daga ciki akwai cewa dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kar mai bincike ya dogara da sa'a ko wani abu da kawai ya faɗo masa a rai, kuma kar a fito da 'yan tagwaye sai in an shirya mai karatu tun da wuri. Kaga naka ya taka biyu a lokaci ɗaya. Ni zan ƙara nawa, na gaji da wasiƙar mamaci da ake tsinta a shafin ƙarshe tana bayanin komai, da tsohuwar da sai tana gargara take kiran kowa ta tona.

Akwai kuma wata hanyar da tafi wannan wuya, a bar mai karatu ya san sirrin tun farko, mutumin cikin labarin ne kawai bai sani ba. Waɗanda suka yi Jiki Magayi a makaranta, na John Tafida da Rupert East da ya fito a shekarun 1930, zasu tuna mun san abin da ya shiga tsakanin Abubakar da Malam Shehu akan Zainabu, mun san dalilin lalacewar Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu, shi ne bai sani ba har ya kashe mahaifinsa. Irin wannan babu abin da karatu na biyu zai rage masa. Daɗin da kaji kana saurayi kuma naka ne, kaji shi da gaske, kar ka bari haushin yau ya goge shi.

TAMBAYA

Anti shekarata 17 ina SS2. Na karanta wani labari sau uku akan yarinyar da aka canza a asibiti, yanzu na kasa samun nutsuwa sbd jinina O ne, Abba A, Umma B, kuma duk gidan na fi kowa duhu, kuma Umma bata kiran sunana sai tace "babbar". Ni ce ta fari. Dan Allah kar ki faɗi garinmu.

AMSA

'Yata ki kwantar da hankalinki. Uba mai A da uwa mai B zasu iya haifar ɗa mai O ba tare da wata matsala ba, saboda kowane mutum kwafi biyu yake ɗauke dashi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma O ɓoyewa yake a bayan A ko B, to in Abba yana ɗauke da A da O, Umma tana ɗauke da B da O, a kowane ciki akwai damar ɗaya cikin huɗu yaro ya ɗauko O daga kowannensu, irin wannan auren ma duk rukuni huɗun zasu iya fitowa a gida ɗaya, A da B da AB da O. Ki tambayi malamin bayolojinku ya zana miki a allo. Launin fata kuma ba abu ɗaya ke tsara shi ba, sai kiga yaro ya tsallake iyaye ya ɗauko kaka. Maganar suna, ki koma ki karanta amsar da na ba 'yar uwarmu ta Zariya, ke ce ta fari, kunyarki take ji.

A littafi duk abin da aka ambata da manufa aka ambace shi, in aka ce akwati a kulle yake to akwai abu a ciki. A gida kuwa akwati a kulle yawanci zannuwa ne da turare. Kar ki fara binciken ɗakin iyayenki, ki ɗan huta da labarin nan, in damuwar taƙi tafiya ki samu Umma ita kaɗai kice ta baki labarin ranar da ta haife ki.

TAMBAYA

Anti na daɗe ina son rubuto miki na kasa. Ƙanwata ta rasu ta bar jaririya 'yar wata takwas, ni na ɗauke ta, babanta yana raye a wani gari ya ƙara aure yana da wasu yaran, tun ana zumunci har aka daina. Yanzu shekararta 15, bata san komai ba, sunan maigidana take amfani dashi a makaranta, yarana ma ƙananan basu sani ba. Kwanaki na ganta da wani littafi da nima na karanta ina budurwa, na yarinyar da ta gano 'yar riƙo ce, na karɓa na sake karantawa cikin dare, Anti ban runtsa ba. Da ina budurwa cewa nake matar cikin labarin muguwa ce da ta ɓoye, yau ga ni a wurinta. Dangin maigidana sunce a bar kaza cikin gashinta. Ni kuma tsoro nake ta tsane ni. Ya zanyi?
Daga wata uwa a Gusau

AMSA

Allah ya jiƙan ƙanwarki, ya saka miki da alheri akan riƙon nan. Na karanta saƙonki ya fi sau biyar kafin na iya ɗaukar biro. Ba muguwa bace ke, amma zan faɗa miki abin da nake gani ba kwana kwana, ki faɗa mata, kuma kar ki ja lokaci.

Riƙo abu ne mai lada kuma al'adarmu ce tun kaka da kakanni, abin da addini ya hana shi ne canza wa yaro nasaba. Zaidu ɗan Harisa ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu har aya ta sauka a Suratul Ahzab, aya ta 5, aka ce a kira su da sunan ubanninsu. Kuma hukunce hukuncen da suka rataya akan maganar nan ba zasu jira ki shirya ba. Gado, ba zata gaji maigidanki ba, babanta zata gada shi ma ya gaje ta, in kuna son ta samu wani abu daga gare ku to kyauta ce tun kuna raye ko wasiyya da bata wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Aure, babanta ne waliyyinta tunda yana raye. Sannan baki faɗa min ba ko kin shayar da ita, wannan babbar magana ce, in kin shayar da ita tana cikin shekara biyun farko to 'yarki ce ta shayarwa, yaranki maza muharramanta ne haka maigidanki, a mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya ne in nonon ya isa cikinta ya wadatar, Shafi'iyya suka ce sai sau biyar. In kuma baki shayar ba to 'ya'yanki maza ba muharramanta bane, ga su sun taso suna ganin uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ga kuma ƙannenta na wurin babanta da bata san fuskarsu ba. Ki samu malamin da kika yarda dashi ki zayyana masa komai yadda yake, kar ki tsaya a abin da na rubuta kawai.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta, ki tambaye su har yaushe? Maganar da dangi biyu suka sani da maƙwabta da waɗanda sukai zaman makoki ba sirri bace, yarinyar ce kawai aka bari a baya. Irin wannan a wuri uku take fashewa, ranar ɗaurin aure in aka zo neman waliyyi, ranar rabon gado, ko ranar da faɗa ya haɗa ta da wata a gidan biki aka mata gori, kuma duk ukun babu ranar da zaki so taji a cikinta. Kin sake karanta littafin, ki tuna abin da yafi ƙona yarinyar cikin labarin, nasan ba riƙon bane, cewa kowa ya sani banda ita ne.

Akwai ma ta takardu, shekara 15 ta kusa rajistar WAEC da NECO, gyaran suna yafi sauƙi kafin ya hau kan sakamako, bayan nan sai an haɗa da rantsuwar kotu da zirga zirga.

Kar ki bar littafin ya yi miki aikin, kar ki ajiye mata shi a kan gado da nufin ta gane da kanta. Ki fara shawo kan maigidanki don ya zama bakinku ɗaya, a aika wa babanta ta hannun wani babba a dangi ya san abin da ake ciki. Sannan ki zaɓi lokacin hutu ba lokacin jarabawa ba, ku biyu a ɗaki, in kina ganin ba zaki iya ke kaɗai ba ki kira wata tsohuwa da take so ta zauna daku. Ki fara da ƙanwarki kafin ki zo kan sirrin, wace ce ita, me take so, yadda tai murna da cikin, waye ya zaɓi sunan. Zata yi kuka, zata iya daina miki magana kwana biyu ko sati biyu, zata iya tambayarki me yasa sai yanzu, ki bata amsar da kika bani, tsoro kike ta tsane ki. Kar ki hana ta ci gaba da ce miki Mama, kar kuma ki hana ta in tace tana son ganin babanta.

In akwai hoton ƙanwarki ki nemo shi tun yanzu ki wanke mata nata kwafin, da ɗan kunne ko zani ko duk wani abu nata da ya rage a hannunki, ki faɗa mata cikakken sunan mahaifiyarta don ta dinga sa ta a addu'a. In kin yi ki rubuto min yadda ake ciki, ba sai na buga ba.